Totur Da Giya: Inda Ƙarfin Mota Ke Ɓacewa A Hanyoyin Kura Da Bunkure

Akwai koken da ya zama ruwan dare a garejin makanikai daga Karfi har zuwa Kwanar Gafan, kuma kusan kalmomi ɗaya masu motoci ke amfani da su: mota ba ta amsa totur, giya tana jinkiri kafin ta canza, in ta tashi canzawa kuma sai ta yi fizga kamar an bangaje ta daga baya. Masu wannan koke ba direbobin Golf da Sharon ba ne, waɗanda galibinsu giyar hannu suke ja. Sababbin masu motoci ne da noman rani da cinikin shinkafa suka buɗa wa, suka sayi Camry ko Accord ko Corolla 'yar Kwatano mai giyar otomatik, wasu ma Mercedes ko Lexus, suna sa ran da an ɗora ƙafa za ta zabura kamar yadda suke gani a bidiyon waya.

Abin da ya sa na ga batun ya cancanci wannan shafi shi ne maganin da ake nema wa matsalar. Matasa da dama yanzu sun fi karkata ga sayen wani ɗan akwati da ake maƙalawa a jikin wayar totur, ko neman wanda zai “taɓa kwamfutar” motar, ko fasa salansa a zubar da abin da ke cikinta, duk da sunan ƙara wuta. Ra'ayina shi ne, a wannan yanki namu mota ba ta rasa ƙarfi domin kamfani ya rage mata shi. Ƙura ce ke cinye shi, da zafi, da man giyar da bai dace ba, da wasu gyare-gyare da muka gada tun zamanin Peugeot 504 muke ɗora wa injin da ba a ƙera shi don su ba.

Manomin Kadawa ya fi kowa saurin gane yadda totur ke aiki, domin kullum yana ganin irinsa a gona. Ruwan da ke fitowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ba ya isa gonar kowa sai ya bi ta babban kanal, ya ratsa ƙananan magudanai, kowace da ƙofarta. In ciyawa da laka suka toshe magudana, ko an wangale ƙofa gaba ɗaya ruwan da zai iso kaɗan ne. Totur ƙofa ce irin wannan, sai dai iska take bari ta shiga inji, ba ruwa ba. Injin fetur yana buƙatar iska mai nauyin kusan ninki 14.7 na man da zai ƙona. Wanda ya taka totur yana zaton mai yake bayarwa, alhali iska yake buɗe wa hanya, man kuma biyo ta yake yi gwargwadon yawanta.

A tsofaffin motoci irin 504 da 505 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, waya ce ta ƙarfe ta tashi daga ƙafar direba zuwa kabireta. Ka taka, ta ja, ƙofa ta buɗe. A motocin da suka cika titunanmu yau, irin Camry da ake kira Muscle, babu wannan waya. Ƙafa tana taɓa sensa ne kawai, sensa ta aika saƙon lantarki zuwa ƙwaƙwalwar mota, ƙwaƙwalwar ta duba zafin inji da gudun tayoyi da yawan iskar da ke shiga, sannan ta umarci wani ƙaramin injin lantarki ya buɗe ƙofar. Kamfanin BMW na cikin waɗanda suka fara sa wannan tsari a motocin kasuwa a ƙarshen shekarun 1980, kafin sauran su bi sahu. Kamfanoni suna sane suke sassauta farkon amsar totur, don kada mota ta riƙa zabura a cunkoso, don rage shan mai da hayaƙi, don kuma kada giya ta sha duka.

A nan ne ɗan akwatin nan ke samun kasuwa. Aikinsa ɗaya ne tak: in ka taka kashi ashirin cikin ɗari, sai ya gaya wa ƙwaƙwalwa ka taka kashi arba'in. Direba zai ji mota ta yi zafin nama, ya yi ta shi wa mai sayarwa albarka. Amma in ya danne totur har ƙasa, abin da zai samu shi ne abin da yake samu tun kafin ya sayi akwatin, domin ƙofar da ta riga ta buɗe gaba ɗaya ba ta da wani saura. Bai ƙara wa inji ƙarfin doki ko ɗaya ba. Abin da ya sauya shi ne motar ta fi wuyar sarrafawa a cikin kasuwar Kura ranar da babura da 'yan Adaidaita Sahu da amalanke suka cakuɗe, ko a kan siririyar hanyar gefen kanal inda zabura ɗaya ta wuce kima ke iya jefa taya cikin ruwa.

Ban musanta cewa a duniya ana gyaran mota don ƙara mata kuzari ba. Sana'a ce mai zaman kanta a Jamus da Amurka da Japan da Dubai. Tun 1989 Ferrari ta shigo da canza giya da yatsu daga jikin sitiyari a tseren Formula 1. A 2003 Volkswagen ta fitar da giyar DSG mai kuloci biyu, wadda ke tanadar giya ta gaba tun kafin a saki ta baya. Giyar ZF mai hawa takwas da ke cikin BMW da wasu manyan motoci tana canzawa cikin kusan kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Masu gyaran irin waɗannan motoci kan sake rubuta umarnin ƙwaƙwalwar inji da ta giya, su ƙara matsin man giya don canji ya yi sauri ya kama da kyau. Sai dai kafin su taɓa komai sukan tabbatar motar lafiyarta ƙalau, su ƙara mata abin sanyaya man giya, su gwada ta a kan na'urar auna ƙarfi, kuma su zuba mata fetur mai daraja 98. A Turai direba yana zaɓa tsakanin 95 da 98 a famfo. Mu nan iri ɗaya ake sayarwa, ka sha abin da ka samu. Injin da aka tsara wa mai mai daraja, aka ba shi na ƙasa da haka, zai fara ƙwanƙwasa, sensa ta ji, ƙwaƙwalwa ta jinkirta wutar filogi don ta ceci inji, mota ta ƙara nauyi fiye da da. Kuma ribar irin wannan gyara a injin mai turbo take fitowa. A injin Corolla ko Camry mai silinda huɗu marar turbo, abin da ake samu bai taka kara ya karya ba.

To ina ƙarfin yake tafiya? Wanda ya san hanyoyin burji da ke shiga gonaki daga Kosawa ko Garun Babba a watan Janairu, lokacin da hazon hunturu ya haɗu da jar ƙurar da motocin gwari ke tayarwa, ya riga ya san rabin amsar. Littafin da kamfani ke bayarwa da mota yana da jadawali biyu na kula da ita, na tuƙin yau da kullum da na tuƙi cikin mawuyacin hali, wato ƙura da zafi da lodi da gajerun tafiye-tafiye. Duk motar da ke zirga-zirga tsakanin Kura da Bunkure da Garun Malam a jadawali na biyu take, ko da mai ita yana ganin lallaɓa ta yake yi. Matatar iska da za ta shekara a Beljiyam ba ta kai ƙarshen rani ɗaya a nan.

Abin da aka saba yi shi ne a ciro matatar, a kai wa mai faci ya hura mata iska mai ƙarfi, a mayar. Takarda ce, kuma iskar tana yaga mata ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Daga ranar ƙura ta samu hanya. Wuri na farko da take sauka shi ne sensar da ke auna iska, wata siririyar waya da ake ɗumamawa da lantarki, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka ƙwaƙwalwa ke gane yawan iskar. In ƙura ta lulluɓe wayar, sai ta riƙa ba da rahoton iska ƙasa da wadda ta shiga. Ƙwaƙwalwa ta rage mai, inji ya yi sanyin jiki. Abin da masu motoci da yawa ba su sani ba shi ne, a motoci da dama da wannan rahoto giya ke lissafin lokacin canji da ƙarfin matsin da za ta kama da shi. Sensar da kuɗin tsabtace ta bai kai na buhun taki ba tana iya sa lafiyayyiyar giya ta riƙa canji a makare. Na ga motar wani manomin shinkafa da aka sauke wa giya gaba ɗaya aka sa wata 'yar Beljiyam da kuɗin da ya tanada don aikin damina, ya fito daga gareji da ciwon da ya shiga da shi. Daga baya aka gano sensar iska ce da maƙogwaron totur da ya yi baƙi da dauɗa.

Matatar nan mai siffar mazurari da samari ke sawa don inji ya riƙa gurnani ita ma ba ta dace da mu ba. Ta fi ta kamfani barin ƙura ta wuce, kuma tana zuƙar iska mai zafi daga cikin bonet. Iska in ta ƙara zafi da digiri 10 tana rage kauri da kusan kashi 3 cikin ɗari. A watan Afrilu, da zafin Kano ke haura digiri 40 a inuwa, wanda ya sa ta ƙara kawai ya saya.

Sai batun tamostat, wanda nake ganin shi ne babban gadon da ya kamata a binne. Kusan duk motar da ta shigo ƙasar nan, abu na farko da ake yi mata shi ne a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai don ta ƙasar sanyi ce. Kamfanonin nan suna sayar da motocinsu a Saudiyya da Kuwait da tamostat a jiki. An ƙera inji ya yi aiki a zafin da ke kewayen digiri 85 zuwa 95. In bai kai ba, ƙwaƙwalwa tana ɗauka har yanzu ɗumi yake yi, ta ci gaba da zuba mai da yawa, a motoci da yawa kuma ta hana giya hawa matakin ƙarshe ko kulle tukunyar mai. Direban da ya tashi da asubar hunturu daga Bunkure zai kai Kano yana mamakin abin da ya sa inji ke kuka mota ba ta sakin jiki, tankinsa kuma yana zurarewa. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan al'ada ta zama haraji da mutum ke ɗora wa kansa.

Tukunyar man da na ambata tana buƙatar ɗan bayani, don ita ce zuciyar giyar otomatik tun daga 1940s da Amurkawa suka yaɗa wannan fasaha. A giyar hannu kuloci ne ke haɗa inji da tayoyi. A otomatik babu haɗin ƙarfe da ƙarfe a farkon tashi. A ɗauka fanka biyu ne suna fuskantar juna a cikin rufaffiyar tukunya cike da mai: inji yana juya ɗaya, ita ta watsa mai, man ya juya ɗayar. Sai mota ta miƙe a kan gudu sannan wani faranti ya kulle su su zama abu ɗaya. Kafin wannan kullewa akwai sulɓi, sulɓi kuma zafi yake haifarwa. Motar da aka cika da buhunan shanshera har bayanta ya zauna, tana rarrafe cikin yashi ko taɓo a kan D, tana dafa man giyarta ne. Haruffan L da 2 da ke jikin sandar giya don irin wannan wuri aka yi su. Mafi muni shi ne in ta kafe a laka, direba ya riƙa wurga sanda tsakanin D da R yana danna totur. Minti biyar na wannan ya isa ya ƙone faiba, wato faifan da ke kama giya.

A giyar otomatik mai ba shafawa kawai yake yi ba. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji, shi ke bin ƙananan hanyoyi masu ƙofofin lantarki ya matse faiba, shi ke kwashe zafi. Kowane kamfani ya tsara santsin da faibarsa ke buƙata. Toyota tana da T-IV ga tsofaffi irin Camry Big Daddy, da WS ga waɗanda suka biyo baya. Honda tana da Z1 wanda DW-1 ya gaje shi. Nissan masu giyar CVT, wadda bel ne a cikinta ba haƙora ba, suna da NS-2 da NS-3. Amma a bakin titi duk jan mai man giya ne, a zuba kowanne a kowace mota, wani ma daga jarkar da ba ta da suna. Fizgar da ake kuka da ita sau da yawa daga nan take farawa. Wannan wuri ne da hukumar SON ke da aiki a gabanta, domin ko wanda ya san lambar man da motarsa ke sha yana fargabar jabu in ya shiga kasuwa.

Akwai kuma wata ɓarna da ta keɓanta da masu zama kusa da ruwa. A yawancin waɗannan motoci man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce. In ruwan lagireto ya ragu a gona, abu mafi kusa shi ne a ɗebo na kanal a zuba. Ruwan yana da laka da gishirin ƙasa, babu sinadarin hana tsatsa a cikinsa. A hankali bututun ya ci, ruwa ya haɗu da man giya, man ya koma kalar shayi da madara. Faiba da gam ake manne ta, ruwa kuma yana saɓule ta. Giyar da ta sha ruwa da wuya ta sake zama daidai.

Me ya sa duk wannan ya wuce batun jin daɗin tuƙi? Saboda aron hannu. Hanyar da ta ratse daga Karfi ta nufi Bunkure da Rano hannu ɗaya ce mai zuwa da mai dawowa, kuma ko a babban titin Kano zuwa Zariya, duk lokacin da ake aiki akan mayar da motoci gefe guda. A lokacin kakar tumatir manyan motoci masu kwanduna suna jere, kowa yana sauri kada kaya su lalace. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. In wata tana tahowa ta gaba a kan 100, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 50 kowace daƙiƙa. Direban da ya fito don ya wuce tirela, ya taka totur, giya ta yi daƙiƙa biyu tana shawara kafin ta sauko, ya yi asarar mita 100 daga filin da ya ƙiyasta da ido. Ɗan akwatin totur ba ya warkar da wannan, domin jinkirin a giya yake da numfashin inji. Abin da ke taimakawa kyauta ne: a sauko da giya tun ana bayan tirelar, ta hanyar danna maɓallin O/D ko mayar da sanda kan 3 ko S, inji ya ɗauki wuta, sannan a leƙa. In aka fito, ƙarfin yana nan a ƙarƙashin ƙafa. Direbobin giyar hannu sun san haka tun suna yaran mota. Masu otomatik ne aka gaya musu D kaɗai suke buƙata, suka yarda.

Tsadar mai ta kuma haifar da wata ɗabi'a, ta mayar da giya kan N a gangara. Injin zamani in yana kan giya aka ɗaga ƙafa, ƙwaƙwalwa tana yanke mai gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya inji. A kan N kuwa dole ta ci gaba da ba shi mai don kada ya mutu. Ba a rage komai ba, an kuma rabu da totur a daidai lokacin da akuya ko yaro mai tallan rake zai iya faɗowa titi. Masu kashe inji ɗungurungum sun fi shiga haɗari, don birki da sitiyari suna yin tauri, famfon man giya kuma yana tsayawa. Wannan dalilin ne ya sa ba a jan motar otomatik da igiya daga Kura har Kano tayoyinta na ja suna ƙasa.

Ba na ɗora wa makanikanmu laifin duka. Yawancinsu sun koyi aiki a hannun iyayen gidan da suka ƙware a kabireta da kuloci, kuma a wannan fanni ba su da na biyu. Motar ce ta canza a hannunsu ba tare da an koya musu sabuwar ba. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a can ta zo da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta karanto abin da ke damun mota. Yau akwai ƙaramar na'urar da ke haɗuwa da wayar hannu, ta nuna zafin inji da yawan iskar da sensa ke gani. Amma na'urar lamba take bayarwa, ba ta cewa a sauya kaza. Lambar da ta ambaci sensa tana iya nufin waya ce ɓera ya ci a rumbun da aka ajiye motar. Karanta ta ilimi ne, kuma a nan nake ganin ƙungiyar makanikai ta NATA da hukumar NADDC da kwalejojin fasaha na jihar Kano ya kamata su fito daga birni. Yankin da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke shayar da dubban hekta, inda taraktoci da injinan girbi da na casar shinkafa su ma suke komawa masu lantarki, ya isa a ce yana da wurin koyon wannan aiki na dindindin, ko da aji ɗaya ne da yamma. Ɗalibanmu masu karatun injiniya da ke zaman jiran aiki suna iya fara sana'a da waya da na'urar nan a bakin kasuwar Kura.

Kafin a kai ga haka, mai motar da ke jin ta yi nauyi ya fara da abin da ya fi araha. Ya sayi sabuwar matatar iska maimakon hura tsohuwa, a wanke sensar iska da maganin da aka yi don ita ba fetur ba, a goge maƙogwaron totur ba tare da an banƙare ƙofarsa da ƙarfi ba, a kuma bar ƙwaƙwalwa ta sake koyon matsayinsa. A duba filogi da famfon mai. A mayar da tamostat. A ciro sandar gwajin man giya, in motar tana da ita, a ɗiga a farar takarda: in ja ne garau, madalla, in ya yi duhu, a tsiyaye a zuba irin wanda aka rubuta a littafin motar ko a jikin sandar, in yana warin ƙuna da baƙin gari a ciki, faiba ta riga ta tafi, sabon mai ba zai dawo da ita ba, kuma gara a ji haka a gareji a watan Disamba da a ji shi a tsakiyar hanya da lodin tumatir a watan Fabrairu.